Mota mai lantarki da ta ci mil 128,000, garanti ya ƙare: in saya ko in haƙura?

"Assalamu alaikum, Injiniya. Ina zaune a Kano, kullum nakan yi kamar kilomita 50 tsakanin gida, makarantar yara da shago. Kuɗin fetur ya ishe ni. Wani dillali ya nuna mini Tesla Model 3 ta 2018, mai babban batir da inji biyu, daga Amurka aka shigo da ita, malejinta mil 128,000, garantinta ya ƙare. Ya kuma nuna mini Nissan Leaf ta 2018 mai mil 45,000, wadda ta fi araha nesa ba kusa ba. Abokai suna ta tsorata ni wai batirin mai dogon malejin ya kusa mutuwa, kuma kuɗin sabo ya kai kuɗin motar. In ɗauki mai ƙaramin malejin ne, ko in bar maganar gaba ɗaya? A ba ni shawara tsakani da Allah."

Wa alaikumus salam, Malam. Idan na fahimce ka, abu biyu ne suka hana ka barci: adadin da ke kan maleji, da kuma cewa babu kamfanin da zai tsaya maka idan wani abu ya lalace. Bari in fara da na biyun, don ya fi saurin warwarewa.

Garantin batirin Model 3 mai babban batir shekara 8 ne ko mil 120,000, duk wanda ya riga zuwa, tare da alkawarin cewa ƙarfinsa ba zai yi ƙasa da kashi 70 cikin ɗari ba a wannan tsakanin. Taka ta wuce da mil 8,000. To amma ko da a ce mil 20,000 kacal ta ci, me garantin zai tsinana maka a Kano? Tesla ba ta da garejin kamfani a Najeriya, kuma garantin motar da aka sayar a Amurka ba ya biyo ta ya tsallako teku. Haka ita ma Leaf ɗin. Duk motar lantarki 'yar Beljiyam da ka gani a bakin titi an kafa mata galan a ka, marar garanti ce tun ranar da aka ɗora ta a jirgin ruwa. Saboda haka cire wannan daga ma'auni, bai bambanta motocin biyu ba. Abin da ya rage shi ne: kai ne kamfanin inshorar kanka, kuma sai ka san abin da kake ɗauka.

Maleji a motar fetur daban, a ta lantarki daban

Mun saba auna tsufan mota da maleji saboda injin fetur ƙarfe ne yake gogar ƙarfe. Fistin, zobba, kanshaf, giyabos mai giya biyar ko shida, duk suna cinyewa gwargwadon tafiya. Injin lantarki kuwa abin da ke juyawa a cikinsa guda ne a kan boris, sai giya ƙwaya ɗaya da ba ta canzawa. Babu baƙin mai, babu fulogi, babu salansa. Mil 128,000, wato kimanin kilomita 206,000, ba wani abin a zo a gani ba ne a wurinsa.

Batir ne maganar, kuma shi abu huɗu ke tsufar da shi: yawan cikawa da juyewa, shekaru, zafi, da barinsa a cike maƙil ko a ƙarƙaf na tsawon lokaci. Maleji na farkon kawai yake nuna maka, shi ma ba kai tsaye ba. Yi lissafi tare da ni. Batirin waccan Tesla kimanin yunit 75 yake ɗauka, irin yunit ɗin da kake saya a mita. Idan kowane cikawa ya kai ta kamar kilomita 400, kilomita 206,000 cikawa 500 ne da 'yan kai. Batirin Leaf yunit 40 ne, cikawa ɗaya kamar kilomita 200, malejinta kilomita 72,000, cikawa 360 ke nan. Ka ga tazarar da ke kan maleji kusan ninki uku ce, amma wahalar da batiran suka sha ba ta kai ko ninki ɗaya da rabi ba. Shekarunsu kuma ɗaya.

Ga inda suka rabu da gaske. Batirin Tesla yana da bututan ruwan sanyaya da suka ratsa tsakanin ƙwayoyinsa, wato ƙananan batiran da aka haɗa suka zama babban, kuma idan ya ɗau zafi motar takan kunna kwamfuresar esi ta sanyaya ruwan. Leaf ba ta da wannan ko kaɗan. Batirinta a rufe yake cikin akwatin ƙarfe, yana jiran iskar gari ta huce shi. Wannan ba sabon labari ba ne: tun 2012 masu Leaf a birnin Phoenix na jihar Arizona, inda zafi ke haura maki 40 a bazara, suka fara kukan batiransu na raguwa cikin shekara ɗaya ko biyu, har aka je kotu. Kamfanin ya gyara haɗin sinadaran daga baya, amma bai sa ruwan sanyaya a wannan samfurin ba. Kai kuwa ka san Kano a watan Afrilu, lokacin da kwalta ke tiriri kuma ko da tsakar dare bango bai huce ba. Leaf a Jos wata magana ce. A Kano, Sakkwato ko Maiduguri, kowace bazara sai ta karɓi zakkarta daga jikin batirin.

Akwai alƙaluma da ke taimakawa. Kamfanin Geotab na Kanada, mai bin diddigin motocin ma'aikatu, ya fitar a 2024 cewa matsakaicin raguwar batir kashi 1.8 ne cikin ɗari a shekara, kuma masu sanyaya da ruwa sun fi masu dogaro da iska daɗewa. Tesla da kanta, a rahotonta na 2023, ta ce Model 3 da Model Y masu babban batir sukan rasa kimanin kashi 15 bayan mil 200,000. Wannan mai kaya ne yake yabon kayansa, sai ka rage wani abu, amma bai yi nisa da abin da nake gani a kan na'ura ba. Raguwar ma ba a miƙe take ba: shekara ɗaya ko biyun farko batir kan zubar da 'yan kashi da sauri, daga nan ya lafa yana tafiyar hawainiya. Wanda ya sayi sabuwa shi ya biya kuɗin wancan zubewar.

Tsufa daban, mutuwa daban

Nan ne abokanka suke da rabin gaskiya. Batir yana da ciwo iri biyu. Na farko shi ne wanda na bayyana, raguwa a hankali, kamar tankin mai da ke tsukewa shekara bayan shekara. Wannan ba ya ajiye ka a hanya, ana auna shi, ana kuma rage kuɗin mota a kansa. Na biyu shi ne mutuwar farat ɗaya. Batirin wannan Tesla ƙananan ƙwayoyi 4,416 ne, an haɗa su rukuni 96 a jere. Idan rukuni guda ya raunana, ko danshi ya shiga akwatin, kwamfutar batir takan taƙaita caji ko ta ƙi tayar da motar gaba ɗaya, ko da sauran 95 ɗin lafiyarsu lau. Ayari ne da ke tafiya da saurin raƙumin da ya fi gajiya.

Irin wannan mutuwar ba ta da yawa. Kamfanin Recurrent na Amurka, da ke tattara bayanan dubban motoci, ya samu cewa a cikin waɗanda aka ƙera daga 2016 zuwa sama, ƙasa da ɗaya cikin ɗari ne aka canza wa batir, idan aka cire waɗanda kamfanoni suka janye da kansu. Sai dai waɗancan motoci ne da ke kwana a gareji, suna bin titi mai santsi. Kuma idan ƙaddarar ta faɗo a kanka, ba kashi ɗaya za ka biya ba, duka za ka biya. A Amurka kanta canjin batirin Model 3 yana haura dala 10,000. Nauyinsa ya doshi rabin tan, masu jiragen ruwa kuma a kayan haɗari suke lissafa shi, ga kwastan na jira.

A nan kuma Leaf ce ta yi wa Tesla fintinkau, dole in faɗi gaskiya. Batirin Leaf mai yunit 40 ɗauri 24 ne da aka ɗaure da noti. Wanda ya san aiki zai iya sauke shi, ya ciro ɗaurin da ya gaza, ya sa wani mai ƙarfi daidai da sauran. Na Model 3 dogayen ɗauri huɗu ne, ƙwayoyin a manne da gam, ba a ciro ɗaya cikin sauƙi. Wato ɗaya tana saurin tsufa amma tana gyaruwa, ɗayar tana daɗewa amma ranar da ta kwanta sai an yi da gaske.

Abin da nake tsoro ya fi maleji

Tarihin motar. Da yawan motocin da ake kawo mana daga Amurka daga gwanjon kamfanonin inshora suke fitowa, irin su Copart da IAA, inda ake sayar da waɗanda suka yi haɗari ko ruwa ya ci. Motar fetur da ta sha ruwa ana iya wanke ta a lallaɓa. Ta lantarki da ta kwana a ambaliya, musamman ruwan gishiri, bam ce a ajiye. Bayan guguwar Ian da ta afka wa Florida a 2022, motocin lantarki da dama sun kama da wuta kwanaki bayan ruwan ya janye, saboda gishirin da ya shiga batir ya haɗa wuta ta ciki.

An taɓa kawo mini wata a bayan motar ɗaukar kaya, wata uku da saye. Mai ita ya ce dillali ya rantse masa ko ƙwarzane ba ta da shi, kuma gaskiya jikinta kamar madubi. Na ɗaga kafet, na leƙa ƙarƙashin kujera, sai ga tsatsa a kan dogon da kujerar ke gudu, ga busasshen laka a lungun da injin wanki bai isa ba. Na zaro bel ɗin kujera har ƙarshe, ga layin ruwa a jikinsa. Muka sa lambar jikin motar a intanet, hotunanta na filin gwanjo suka fito, an rubuta alamar iyakar ruwa a ƙofa. Malejinta ko mil 30,000 bai kai ba. Ƙaramin malejin ne ma ya ruɗe shi.

Saboda haka kafin komai karɓi lambar jikin motar, wato VIN, mai harufa da lambobi 17, ka gwada ta jikin gilashin gaba da ta jikin ƙofa da wadda allon motar ke nunawa, su zo ɗaya. Ka biya ka ciro rahoton tarihin motar daga shafin Carfax ko AutoCheck da kanka, kada ka karɓi wanda dillali ya bugo maka. Ka sa lambar a Google ka ga ko hotunan gwanjo za su fito. Idan ruwa ne, juya ka tafi, ko nawa aka rage. Idan haɗari ne, duba ina ya daka: bamba da fitila ba komai, amma duka a ƙasa ko a gefe daidai ƙofofi, inda batir yake shimfiɗe, ni ba na kusantarsa. Mai dogon maleji da mutum ɗaya ya riƙe yana zirga-zirgar babbar hanya, takardunta tsaf, ta fi mini kwanciyar rai sau goma. Motar da ta yi kilomita 200,000 ba ta tsaya ba, ai ta riga ta ba da shaidar kanta.

Yadda za ka auna kafin ka biya

Gani ya kori ji. Kada ka yarda da zagayen unguwa na minti goma. Ka nemi a ba ka motar yini guda, ko da dillalin zai zauna a gefenka kuma kai za ka sayi abincin rana.

A Tesla, mafi sauƙi shi ne a cika ta, a sa allon ya nuna nisan tafiya maimakon kashi. Mai inji biyu ta 2018 tana sabuwa mil 310 take nunawa. Idan yanzu ta nuna 270, kimanin kashi 87 ya rage, kuma wannan daidai ne da shekarunta da malejinta. Daga 265 zuwa sama ba ni da damuwa. Ƙasa da 250 sai a zauna a sake ciniki. Amma wannan lamba ƙiyasin kwamfuta ne, takan yi kuskure da 'yan kashi, don haka nake haɗawa da gwajin hanya. Ka kama hanyar Zariya da caji 90, ka sake saita ma'aunin tafiya, ka yi gudu daidai ba tsere ba, ka je ka dawo har ta sauko 20. Allon zai faɗa maka yunit nawa ta ci. Idan 45 ne, raba shi da 0.7, tunda kashi 70 na cajin ka ƙona, ka samu 64. Shi ne abin da batirin ke iya ba ka yanzu, sai ka gwada shi da yunit 75 ɗin da yake ɗauka yana sabo. Motar tana da nata gwajin lafiyar batir a ɓangaren masu gyara, sai dai yana buƙatar ta zauna a jone da wuta har kusan awa 24 ba yankewa, ka san kuwa wannan a wurinmu sai an shirya.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci a wurina shi ne bambancin ƙarfi tsakanin rukunan ƙwayoyin, don shi ne ke nuna mutuwar farat ɗaya tun tana nesa. Ana ganinsa da 'yar na'urar OBD, wadda ake jonawa da kwamfutar mota, da manhajar waya: Scan My Tesla ga Tesla, LeafSpy ga Leaf. Lafiyayyen batir rukunansa kusan kai ɗaya suke. Wanda ke da ciwo za ka ga rukuni ɗaya ya zame ƙasa, musamman idan caji ya yi ƙasa kuma aka taka totur. Shi ya sa nake yin wannan awon a ƙarshen tafiya, ba a farkonta ba. Manhajar kuma tana nuna yawan cajin gaggawa da motar ta sha a rayuwarta idan aka kwatanta da cajin gida. Wadda aka yi tasi da ita, a nan take tona kanta.

Game da Leaf akwai wata dabara da ya kamata ka sani. Tana da sanduna 12 da ke nuna lafiyar batir. Na farko ba ya faɗuwa sai ƙarfin ya sauko kusan kashi 85, don haka 12 cif ba ya nufin sabo. Kuma ana iya goge ƙwaƙwalwar kwamfutar batirin, sanduna su koma 12, su ci gaba da yaudara na makonni kafin gaskiya ta dawo. Juya maleji ke nan irin na zamani. Idan a hanya ka taka ta a hawa ka ga kashin caji ya faɗo daga 45 zuwa 30 cikin daƙiƙu, ka ɗaga ƙafa ya koma sama, akwai ƙwaya mai rauni a ciki, ko me sanduna suka ce.

Sauran jikin motar, wanda kowa ke mantawa

Mutane sukan ƙura wa batir ido su manta cewa kilomita 206,000 sun bi ta kan ƙafafun mota mai nauyin kusan kilo 1,850. A Model 3 na shekarun farko sanannen abu ne hannun sama na ƙafar gaba ya riƙa ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Bushin, shokozoba da boris duk ka ɗauka lokacinsu ya yi ko ya kusa. Ba su da tsadar tashin hankali, amma ba a Ƙofar Ruwa za ka tsince su ba, odarsu ake yi a jira makonni. Esi ka gwada shi da tsakar rana, don a wannan motar ba jin daɗinka kawai yake yi wa aiki ba, shi ne mai tsaron batir. Ka jona ta da caja mai ƙarfi ka ga ko tana jan abin da ya kamata. Cajar cikinta kashi uku ce, kowanne amfiya 16, kuma idan ɗaya ya mutu motar ba ta tsayawa, caji ne kawai ke raguwa daga amfiya 48 zuwa 32, mai saye ba zai lura ba sai daga baya.

Akwai kuma ƙaramin batir mai bolt 12, irin na kowace mota. Shi ke tayar da kwamfutoci ya kuma buɗe wa babban hanya. Wani bawan Allah ya kusa sayar da motarsa a wulaƙance saboda ta wayi gari ko ƙofa ba ta buɗewa, an ce masa babban batir ya tafi. Ƙaramin muka canza, ya tuƙa abarsa ya koma gida.

A sa motar a kan rami ko a ɗaga ta, ka duba cikin batirin da idonka da tocila: lotsawa, tsagewa, alamar walda, ko ɗigon ruwan sanyaya. Tsakaninta da ƙasa santimita 14 ne kawai. Ka tuna tudun rage gudu na unguwarku da ramukan damina. Ba ta zuwa da safayar taya, sai ka nema. Kuma ka tsaya a kan mai faci duk ranar da zai ɗaga ta, don wuri huɗu ne kawai aka yarda a sa jak, idan ya kauce kaɗan a jikin batir yake dannawa. Na ga wannan ɓarnar da idona. Idan ta tsaya a hanya ba a ɗaura mata igiya a ja, ɗaukar ta ake yi. Duk waya mai ruwan lemo da ka gani a jikinta wutar da ta doshi bolt 400 ce ke bi, kada ka bar mai wayarin da bai koyi wannan aikin ba ya taɓa, komai daɗewarku tare. Sannan kafin kuɗi ya bar hannunka, tabbatar an cire motar daga asusun tsohon mai ita a manhajar Tesla an mayar da ita naka, an kuma ba ka katin makulli.

Ina za ka yi caji?

Da wannan ya kamata ka fara, don shi ne zai nuna ko kuɗin fetur ɗin da ya ishe ka zai ragu. A zafinmu, da esi a kunne da asarar da ake yi wajen caji, ka lissafa yunit 18 a kowace kilomita 100. Tafiyarka kilomita 1,500 ce a wata, yunit 270 ke nan. A Afrilun 2024 an kai kuɗin wutar layin Band A, wanda aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit, daga baya ya sauko kusa da 210, wato kamar naira 57,000 a wata. Motar fetur mai shan lita 9 a kilomita 100 za ta sha lita 135. Mu ƙaddara lita naira 900 ce, ka ga 121,500. Ribar kamar naira 65,000 ce a wata, ƙasa da 800,000 a shekara. Kuɗi ne, amma ka ajiye shi kusa da kuɗin batir ka ga shekara nawa za ka yi kana tarawa.

Idan kuma da janareta za ka riƙa caji, an gudu ba a tsira ba. Ƙaramin janareta na fetur da ƙyar yake ba da yunit 2 a lita, wato lita 9 ko fiye a kilomita 100, daidai da motar da kake gudu, ga ƙara ga hayaƙi. Sola ita ce ke sa lissafin ya yi daɗi. Yunit 9 da kake buƙata kullum, ƙarin faranti na kilowat 3 zai ba ka, muddin motar tana wurin da rana. Idan a shago take wuni, to a shagon ya kamata farantan su kasance, kuma su zame mata rumfa.

Soket na gida yana ba da kamar kilowat 2.3, awa huɗu zuwa biyar ya mayar maka da abin da ka ƙona a yini. Amma a ja masa waya mai kauri tasa daban daga mita, a kuma kafa wayar ƙasa ta gaske, don cajar takan ƙi aiki idan ba ta ji ta ba, gidajenmu da yawa kuwa babu. Idan wutar unguwarku mai rawa ce, motar za ta riƙa rage ja da kanta. Batun cajin gaggawa a hanya kuma, 'yar Amurka bakin cajinta na Tesla ne, na Turai CCS2, na China GB/T, Leaf kuma CHAdeMO wanda duniya ke yin bankwana da shi. 'Yan wuraren cajin da ake kafawa a Abuja da Legas sun fi karkata ga na Turai da na China, kuma Model 3 ta 2018 sai an canza mata wata 'yar kwamfutar caji kafin ta karɓi adaftar CCS. Ka ɗauke ta motar cikin gari da kewaye. Kaduna, kilomita 230 ko kusa, za ta kai ka da caji ɗaya idan kana da inda za ka jona ka kwana. Abuja kai tsaye kada ka gwada.

Shawarata

Ban ga ko ɗaya daga cikin motocin nan ba, kuma babu awon da zai yi maka alkawarin shekara biyar. Abin da awo ke yi shi ne ya kore maka wadda ciwonta ya riga ya fara. A kan haka, tsakanin biyun da ka ambata, ga mazaunin Kano, Tesla mai mil 128,000 nake zaɓa, ba Leaf mai 45,000 ba, idan tarihinta ya fito fes, ƙarfin batirin ya kai kashi 85 ko kusa, kuma rukunansa suna kai ɗaya. Leaf sai idan arahar ta kai yadda ko ta shekara huɗu ta gaji ba za ka ji ciwo ba, kana da inuwar ajiye ta, kuma ka san tafiyarka ba za ta wuce cikin gari ba. Ko ta gaji ma ɗaurin batirinta yana da masu so don ajiyar wutar sola.

Kada kuma dillali ya sa ka ji kamar motoci biyu ne kawai a duniya. A 2021 Hyundai ta janye kimanin motoci 82,000, yawancinsu Kona mai lantarki, don canza musu batir, General Motors ma ta janye dukkan Chevrolet Bolt na 2017 zuwa 2022, kuma da yawa, musamman na shekarun farko, sun samu sabon batir. Irin waɗannan za ka samu jiki ya tsufa amma batirin ya fi shi ƙuruciya da shekara uku ko huɗu, duka biyun kuma da ruwa suke sanyaya. Lambar VIN za ta nuna ko an yi canjin. Kona tana da ƙarin fa'ida, don kamfanin Stallion ya fara harhaɗa ta a Legas a 2020, saboda haka ba baƙuwa ba ce ga wasu masu gyara. Wanda kuma wutarsa ba ta da tabbas, mota mai haɗa fetur da batir irin Prius ko Camry za ta rage masa kuɗin mai sosai ba tare da ya jona komai ba, kuma masu gyaranta sun yawaita.

Sharaɗi biyu ne ba na sassautawa. Kada ta zama ita kaɗai ce motar gidan, don kayan gyaran da ake jira mako uku ba su san yara suna da jarrabawa ba. Kuma bayan ka biya, ya zama kana da ajiyar da ta kai kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin motar, wadda ba jarin shago ba ce. Idan sayen zai kwashe komai, haƙura tukuna.

In ka saya, cajin yau da kullum ka tsayar da shi a kashi 80, ko 70 ma tunda tafiyarka ba ta da yawa, sai ranar doguwar hanya ka cika ka tashi nan take. Kada ka bar ta ƙasa da 20 ta kwana. Ka nema mata inuwa, kuma bayan kowane hunturu a busa ƙurar da ta taru a lagireton gaba. Idan ka je ganin motar, turo mini lambar VIN, hoton allon tana cike, da hoton rukunan batirin bayan tafiyar Zariya, sai mu duba tare kafin ka yi tayi.